Karo a Ɗakin Wanka: A Fara Gyara Abin da ke Bayansa

A yau idan mutum ya zaga Magarya ko Dungas, ko garuruwa irin su Bande, Waca, Sassumburum da Dogo-Dogo, zai tarar da gidajen da aka sa wa ɗakin wanka karo. Karo shi ne faya-fayen yumɓu gasasshe masu santsi da ake mannawa a bango da ƙasa, waɗanda a Najeriya ake kira tayil. Yana da kyau ga ido, yana da sauƙin wankewa, kuma yana taimaka wa tsabtar iyali.

Amma sau da yawa murna ba ta daɗewa. Bayan damina ɗaya ko biyu sai karo ya fara ɓamɓarewa, bangon ɗakin kwana da ke maƙwabtaka ya jiƙe, kuɗin gyaɗa ko na cirani da aka zuba su tafi a banza. Mafi yawan lokaci laifin ba na karo ba ne. Laifin yana ga abin da aka manna shi a kai. Wannan darasi zai nuna muku yadda za ku gane matsalar bango da daɓe, da yadda za ku gyara ta tun kafin a manna karo na farko. Hausawa sun ce, tun ran gini, ran zane.

Karo shi kaɗai ba ya tare ruwa

Ku riƙe wannan magana da kyau. Karo riga ce kawai da ake sa wa bango. Fuskarsa ba ta shan ruwa, amma tsakanin kowane karo da ɗan'uwansa akwai layi da ake cikewa da siminti, kuma ruwa yana ratsa wannan layi a hankali. Yana kuma shiga ta kusurwa, ta bakin rariya, da ta wurin da bututu ya huda bango. Duk ruwan da ya shiga yana isa ga abin da ke baya. Idan abin nan mai ƙarfi ne kuma an tsare shi daga ruwa, babu damuwa. Idan ƙasa ce ko ruɓaɓɓen shafe, to ɓarna ta fara ke nan, kuma ido ba zai gan ta ba domin karo ya rufe ta.

Karo kuma yana da nauyi. Fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1, idan aka rufe shi da karo da simintinsa, nauyin yakan kai kusan kilo 20. Ƙaramin ɗakin wanka yana iya ɗaukar irin wannan fili guda 8 a bangayensa, wato kilo 160. Wannan ya fi nauyin buhun siminti 3, duk a rataye a jikin bango dare da rana.

Me ya sa ya kamata mu kula ƙwarai a yankinmu?

Dalili na farko shi ne yawancin gidajenmu na tubalin ƙasa ne, kuma ruwa shi ne babban abokin gabar ginin ƙasa. A farkon watan Satumba na 2024, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina da ƙasa a tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwan sama mai yawa. Abin da ruwan sama ke yi a kwana kaɗan, ruwan wanka yana yin sa a hankali, kullum safe da yamma, a gindin bango.

Dalili na biyu shi ne a fadamun Korama ruwa yana kusa da doron ƙasa. Daga watan Yuni zuwa Satumba danshi yana hawa daga ƙasa ya shiga bango. A wasu wurare ruwan da ƙasar suna da kanwa, wadda ke fitowa fari-fari a jikin gini tana cin shafe.

Dalili na uku shi ne zafin bazara da iskar hunturu. Suna busar da siminti da sauri tun bai yi ƙarfi ba.

Idan bangonku na ƙasa ne

Kada ku manna karo a kan bangon ƙasa, ko da an yi masa shafen siminti. Ƙasa tana kumbura idan ta jiƙe, tana tsukewa idan ta bushe. Siminti ba ya yin haka tare da ita, saboda haka ba sa riƙe juna na dogon lokaci. Wasu magina sukan kafa ƙusoshi da ragar waya kafin su yi shafe. Wannan dabara tana iya riƙe shafe na ɗan lokaci, amma ba ta isa ta ɗauki nauyin karo a wurin da ake zuba ruwa kullum ba.

Akwai hanya biyu masu kyau. Ta farko, ku gina ɗakin wanka daban da bulon siminti ko gasasshen tubali, nesa kaɗan da ɗakin kwana da katangar maƙwabci. Ta biyu, idan ɗakin ƙasa ya riga ya tsaya, a gina sabon bango na bulo mai kaurin santimita 10 daga ciki, da nasa harsashin. A shimfiɗa leda mai kauri a kan harsashin kafin a jera bulon farko, domin ta tare danshin da ke hawowa. A bar tazarar kamar santimita 5 tsakanin sabon bangon da na ƙasa, a rufe samanta domin kada ruwa ya faɗa ciki. A kan wannan sabon bango za a yi shafe, a kansa za a manna karo.

Idan bangonku na bulo ne: gwaji guda huɗu

Bangon bulo mai shafen siminti shi ne ya fi dacewa da karo a ƙasarmu. Duk da haka ku gwada shi tukuna. Ba sai kun iya gini ba, ku da kanku za ku iya.

1. Ƙwanƙwasawa. Ku ɗauki mabuɗi ko ƙaramin ƙarfe ku bi bango kuna bugawa a hankali. Inda ya yi ƙara kamar ganga, shafe ya rabu da bulo. Ku zagaye wurin da gawayi. A fasa shi, a share, a jiƙa, a sake shafawa.

2. Gogawa. Ku goga tafin hannu ko ku karta da ƙusa. Idan yashi yana zubowa, siminti ya yi kaɗan a kwaɓin ko kuwa ba a ba shi ruwa ba. Irin wannan shafe ba ya gyaruwa da fenti ko da ruwan siminti. Sai an kankare shi duka.

3. Miƙewa. Ku sami miƙaƙƙen katako mai tsawon mita 2 ku jingina shi a bango, a tsaye da kuma a kwance. Idan ramin da ke tsakanin katako da bango ya kai rabin santimita, a cike shi. Idan tudu ne, a sassaƙe. Kada ku yarda a ce za a daidaita da simintin manna karo, domin kauri a nan da siranta a can shi ke sa karo ya zauna a karkace.

4. Danshi. Ku manna leda mai faɗin kamu biyu a bango, ku liƙe gefenta huɗu, ku bar ta kwana ɗaya. Idan kun tarar da raɓa a bayanta ko bangon ya yi duhu, akwai danshi. Ku nemo inda yake fitowa, ko bututu ne ke yoyo, ko rufi, ko ƙasa. A toshe tushen, a jira bango ya bushe.

Maganar tsaga

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ma ruwa. Tsaga iri biyu ce. Akwai siririya kamar gashi, wadda ke fitowa idan shafe ya bushe da sauri. Wannan a ɗan buɗa ta, a jiƙa, a cike. Akwai kuma babba, wadda ke bin layin bulo kamar matakala ko take ratsa bango daga ciki zuwa waje. Domin ku san ko tana ƙaruwa, ku shafa ɗan siminti kaɗan a kanta ku jira mako 2 zuwa 4. Idan ya sake tsagewa, bangon yana motsi, kuma matsalar tana ga harsashi. Ku kira ƙwararren magini. Karon da aka manna a kan bango mai motsi zai fashe a daidai wannan layi.

Yadda ake shafe mai kyau

Siminti. Ko na Malbaza ne a jahar Tawa, ko wanda ya shigo daga Najeriya, buhu kilo 50 ne. Ku taɓa buhun kafin ku saya. Idan akwai dunƙulen da ba ya murƙushewa da yatsa, danshi ya riga ya kama shi. A gida ku ajiye shi a kan katako, ba a ƙasa ba.

Yashi. Rairayin da iska ke tarawa a jigawa ya cika laushi. Ku nemi yashi mai ɗan kaushi, irin wanda ruwa ya wanke a ƙorama. Ga yadda za ku gwada shi: ku zuba yashi a farar kwalba har tsayin santimita 10, ku ƙara ruwa, ku girgiza sosai, ku ajiye sa'o'i kaɗan. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta kwanta a samansa. Idan kaurin lakar ya kusa santimita 1, a wanke yashin ko a canja shi.

Ruwa. Ruwan da za ku iya sha shi ne ruwan kwaɓi. Kada a yi amfani da ruwan tafki mai kanwa ko mai laka.

Kwaɓi. Ga ɗakin wanka, bokiti 1 na siminti, bokiti 3 na yashi. A auna da bokiti guda, kada a auna da ido. Ana sayar da garin da ke rage shigar ruwa cikin shafe, irin su Sikalite, wanda ake zuba ƙulli mai kilo 1 a buhun siminti 1. Ku bi abin da aka rubuta a jikin ledarsa. A jiƙa bulo kafin a shafa. Kaurin shafe ya kai kamar santimita 1 da rabi. A bar fuskarsa da ɗan kaushi domin karo ya sami abin kamawa.

Ban ruwa. Siminti ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, ruwa ne. A yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwana 7, a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu ko tabarma idan rana ko iska na dukansa. Yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake bukata. Ku jira mako 3 zuwa 4 kafin a manna karo. Sannu ba ta hana zuwa.

Daɓe da gangara

A daddaɓe ƙasar ɗakin sosai, a shimfiɗa leda mai kauri, sannan a zuba kankare mai kaurin santimita 8 zuwa 10: siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. Daɓen ya gangara zuwa rariya da santimita 2 a kowace mita. Idan daga bangon nesa zuwa rariya mita 1 da rabi ne, bambancin tsayi santimita 3 ke nan. Dokin ƙofa ya fi daɓe tsayi domin kada ruwa ya fita tsakar gida. Inda bango ya haɗu da daɓe, a cike kusurwar da kwaɓi mai kyau, domin nan ne yoyo ya fi farawa.

Kafin a manna karo, ku yi gwajin ruwa. Ku toshe rariya, ku zuba ruwa har zurfin santimita 4, ku yi alama a bango. Ku ajiye kwano da ruwa a gefe, shi ma ku yi masa alama, domin zafi yana ƙafar da ruwa ko babu yoyo. Bayan kwana ɗaya ku duba. Idan ruwan daɓe ya ragu fiye da na kwano, ko bayan bango ya jiƙe, akwai yoyo. Sannan ku buɗe rariya ku tsaya ku gani. Duk inda ruwa ya kwanta, gangara ba ta yi ba. Gyara a yau aikin yini ɗaya ne. Bayan an manna karo kuwa, sai an fasa.

Allon siminti

A Amurka da ƙasashen Turai, inda ake yin bangon cikin gida da katako ko siraran ƙarafa, ana kafa wani allo da aka yi da siminti da zare, sannan a manna karo a kansa. Wanda ake sa wa bango kaurinsa kamar milimita 12 ne. Mai yiwuwa ku ci karo da shi a manyan kasuwannin kayan gini ko a wurin aikin cirani. Ga matsalolinsa da maganinsu:

Ruwa ba ya ruɓar da shi, amma yana ratsa shi. Dole a shafa masa maganin tare ruwa a fuska, shafi biyu, ko a sa leda a bayansa. A zaɓi ɗaya, kada a haɗa biyun, domin danshi zai maƙale a tsakani.

Idan kun danna shi ya lotsa, ginshiƙan da ke riƙe shi sun yi nisa da juna. Kada tazararsu ta wuce santimita 40. A ƙasarmu ginshiƙin ƙarfe ya fi, saboda gara. Ba a kafa shi kai tsaye a bangon ƙasa.

A ɗaure shi da sukuru marar tsatsa, ɗaya a kowace santimita 20. Kan sukuru ya yi daidai da fuskar allo. Idan ya nutse ya fasa allon, a sa wani a kusa da shi.

A bar tazarar milimita 3 tsakanin allo da allo, a cike da simintin manna karo, a ɗora ragar zaren gilas da aka yi domin siminti. Idan aka tsallake wannan, karo zai tsage a kan mahaɗar.

Kada gindinsa ya zauna a kan daɓe yana shan ruwa. A ɗaga shi kamar rabin santimita, a cike da silikon.

Siririn allon da ake yin silin da shi ba ya ɗaukar karo. Kuma ƙurar yankan allon siminti tana cutar da huhu. A yanka a waje, a rufe hanci da baki.

Ranar manna karo

Idan da siminti da yashi za a manna, a jiƙa karon bango a ruwa har ya daina fitar da kumfa, a tsame shi ya tsane. Karo mai tauri wanda bayansa ba ya shan ruwa yana bukatar simintin manna karo na musamman da ake sayarwa a buhu. Ku tsaya ku ga yadda magini ke aiki. Siminti ya rufe bayan karo gaba ɗaya. Kada ku yarda da ɗigo biyar, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, domin ramin da ya rage mazaunin ruwa ne da kyankyasai. A bar layin milimita 2 zuwa 3 tsakanin karo, a cike shi bayan kwana 1 ko 2. A kusurwoyi da kewayen bututu a sa silikon. Ga daɓe ku zaɓi karo mai kaushi, saboda tsofaffi da yara da mata masu juna biyu. Siminti yana ƙona fata, sai a sa safar hannu.

Idan karo ya riga ya fara ɓamɓarewa

Ku ƙwanƙwasa duka ku ƙirga masu ƙarar ganga. Idan biyu ne ko uku kuma shafen bayansu yana da ƙarfi, a cire su, a kankare tsohon siminti, a sake mannawa. Idan karo ya fito tare da shafe, ko kun tarar da jiƙaƙƙiyar ƙasa a baya, faci ba zai yi ba. A daina wanka a wurin, a cire karon a hankali domin a sake amfani da masu kyau, a bar bango ya bushe. Idan gindin bangon ƙasa ya zaizaye ko bangon ya karkata, ku hana yara zuwa wurin, ku kira magini a ranar.

Ina ruwan wanka zai tafi?

Ɗakin wanka mai kyau wanda rariyarsa ke zuba a gindin katanga bai gama aikinsa ba. A sa bututu ya kai ruwan cikin rami da aka cika da duwatsu aka rufe, nesa da gini da kamar mita 5, nesa da rijiya da mita 30 ko fiye. A fadama, inda ruwa ke kusa, kada ramin ya yi zurfi. Ruwan da ya kwanta a lungu yana cin harsashi, yana tara sauro, yana kuma jawo rigima da maƙwabta.

Idan kuɗi ba su kai ba

Ku yi lissafi kafin ku saya. Ɗaki mai mita 1 da rabi kowane gefe, da karo har tsayin mita 1 da rabi, yana bukatar karon bango kamar mita 8 da na daɓe mita 2 da kwata. Ku ƙara kashi 1 cikin 10 saboda yanka da fashewa, ku ajiye ragowar domin gyaran gaba.

Idan kuɗinku ba za su isa bango mai kyau da karo a lokaci guda ba, ku fara da bango da daɓe da rariya. Daɓen siminti da aka goge ya yi sumul yana wankuwa, yana kuma daɗewa. Karo zai iya jira har kaka mai zuwa.

Abubuwan tunawa

Kada a manna karo a bangon ƙasa. Ku ƙwanƙwasa, ku goga, ku auna, ku gwada danshi. Siminti 1, yashi 3, ban ruwa kwana 7. Gangara santimita 2 a kowace mita. Gwajin ruwa kwana ɗaya kafin karo. Ku karanta wa magininku wannan darasi kafin ku yi ciniki, ku kuma tattauna shi da ƴan ajinku. Allah ya sa albarka a gidajenku.